Ranar da Inna ta goge mini ƙarfen haƙori da toka

Shekarun baya, ina koyarwa a wata lakol, wato makarantar boko, kusa da Agiye, moto, babur ɗina ke nan, ya kayar da ni a hanyar Gazawa, haƙorina na gaba ya yi nasa wuri. Shekara guda cur ina magana da hannu a baki. 'Yan ajina suka sa mini suna Mushe Mai Taga, wato Malam Mai Giɓi, kuma wallahi sunan ya fi faɗuwar yi mini ciwo.

Da abin ya ishe ni, na tafi Maraɗi wurin likitan haƙori, lokotoro kamar yadda muke cewa a gida. Ya dasa mini ƙarfe a cikin ƙashi, ya ɗaura masa wani ɗan murfi da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ya ce dasashi zai zagaye murfin ya riƙe shi, bayan wata uku a sa haƙori a kai. "Amma in dasashin ya ruɓe har ƙasa, ƙarfen za mu cire gaba ɗaya. Kada ka tauna abu mai tauri."

Na ce to. Da hutu na je gida Cadawa, na tarar an haƙe aya, an shanya ta fal tsakar gida. Ni da aya kuwa ba ma haɗuwa mu rabu lafiya. Na yi wa kaina alkawarin da gefe ɗaya zan tauna. Rana ta uku na ji wani abu a baki da ya fi aya tauri. Na tofo shi, sai ga murfi, ya gangara cikin turɓaya har gindin turken awaki.

Mahaifiyata ce ta tsinto shi. Duk unguwa an san ta da abu ɗaya: ƙarfe ba ya shiga gidanta ya fita da dauɗa. Tukunya, kwano, cokali, kowa sai ya sha toka da yashi har ka ga fuskarka a jikinsa.

"Mi ne ne wanga?"

"Na haƙorin ne, Inna. Lokotoro kaɗai ke taɓa shi."

"Lokotoro ya hi ni iya wanki? Bari ka gani."

Ga ni ƙato da gemu, mai tsawata wa aji guda, amma na sakar mata shi. Ta dirje shi da toka da yashi, ta tafasa shi a ruwan bagaruwa don ƙarfin dasashi, ta goge da bakin zane. Ya fito yana walƙiya. Na tsaya gaban madubin moto na murɗa shi da yatsu ya koma wurinsa, ina ta yaba wa kaina dabara.

Kwana huɗu leɓena ya kumbura ya koma kamar na raƙumi. Tsoro ya kama ni sosai, don na hango kaina na koma lakol da tagata a buɗe har abada. Da na ce za ni Maraɗi, Inna ta ɗauki mayafi. "Mu tahi tare, in ji abin da zai ce ga aikina."

Likita ya ciro murfin, ya sa shi ƙarƙashin gilashin ƙara girma, sannan ya dube mu.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ce," in ji Inna, tana gyara zama.

Ya matsa mata ta leƙa. Ya ce dasashi nama ne mai rai, a hankali yake rarrafowa ya manne wa ƙarfe, kuma sumul yake son ya same shi. Su da tururi da na'ura suke wanke irin wannan. "Ke kuwa, Inna, huɗa kika yi masa kamar gonar gero. Cikin kunyoyin nan ƙwayar cuta ke zama, naman ya kasa kamawa."

"Amma ka ga dauɗa bisa nai?"

"Gaskiya ban taɓa ganin mai ƙyallinsa ba."

"To, madalla."

Allah ya taimake ni ruɓar ba ta kai ƙashi ba. Ya wanke wurin, ya sa sabon murfi. Zai jefa tsohon a kwandon shara, Inna ta miƙa masa tafin hannu, ya ba ta.

A taksin dawowa, da muka wuce rabin hanya, sai Inna ta ce, "Tun kana jinjiri ni ka wanke maka baki. Ban san akwai ranar da wankina zai cuce ka ba." Na ce laifin aya ne, da mai cin ayar. Ba ta yi dariya ba, ni kuma maganar ta tsaya mini a rai.

Yau haƙorin yana nan daram, ina dariya da baki a buɗe. Abin da na koya shi ne, tsabtar tukunya daban, ta abin da zai zauna cikin nama daban, kuma in likita ya ce kada ka tauna, har aya yake nufi.

Tsohon murfin kuwa yana cikin kwanukan Inna. Duk jajibirin Salla in ta fito da su gugar toka, har da shi take haɗawa, yanzu ya ƙanƙance ya kusa ƙwayar dawa. Bara na tambaye ta me za ta yi da shi. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Wanga nawa ne. Lokotoro bai da iko da shi."