Baba Sahabi ya tafi ya bar zauren fatake da tsaga

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin karyawa Umaru ya kira ni daga Bodinga. Ya ce mahaifinsu, Baba Sahabi na Shiyar Fatake, ya cika bayan sallar asuba.

Da ƙyar nake rubutun nan.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne dattijon telan nan da ke zama da kekensa a bakin tsohon zauren ƙasa, in ka bar titi ka shiga bayan kasuwa. Kakansa ne ya gina zauren don fatake masu jakuna da ke yada zango a garin. Har yau in ka duba bakin ƙofar za ka ga inda mangalar gishiri ta goge bango ya yi santsi.

Ni ɗan garin Shagari ne. Ina saurayi aka turo ni Bodinga koyarwa, zamanin mulkin farar hula na biyu, ban san kowa ba. Na kai masa wando ya rage mini tsawo, yana awo yana tambayata inda na sauka. Na ce a aji nake kwana, kan benci.

Ya ajiye almakashi ya ce, "Malam, gidan ga don baƙi anka gina shi. Tai ka ɗauko tabarmarka."

Tuwon gidansa na ci har na yi aure.

A lokacin kowa rushe ginin ƙasa yake yi ya sa bulo da kwano. Wani ɗan kwangila ya zo da sabuwar mota, ya ce a ba shi zauren ya rushe ya yi ofishin jam'iyya, shi kuma zai gina wa Baba shagon siminti a bakin titi. Maƙwabta suka yi ta ba shi baki, wasu har da dariya, wai tela ya ƙi arziki saboda laka.

Magana ɗaya ya yi. "Ba ni nig gina shi ba, ba ni ka rushe shi ba."

Ba a daɗe ba zamani ya juya. Sabulu da madara da shinkafa sai an bi layi, siminti kuwa ko da kuɗinka ba ka ganinsa. Gidaje da dama a shiyar suka tsaya rabi babu rufi, ga damina ta faɗi. Baba ya shigar da matansu da yaransu cikin gida wurin iyalinsa, magidanta suka dawo zaure muka riƙa kwana tare. Ruwa na zuba ta indararo kamar da bakin ƙwarya, mu a ciki ko ɗigo babu.

Cikinsu akwai masu dariyar nan. Ban taɓa jin ya tuna wa ko ɗaya ba.

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai ya yi wa zauren yaɓe. Da kansa yake jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan da ke ƙara wa yaɓe ƙarfi, ya hau tsani, har ƙarfi ya ƙare masa.

Ganinmu na ƙarshe bayan ƙaramar sallah ne. Idonsa ya riga ya yi rauni. Ya kama hannuna ya ja ni zuwa bangon gabas, ya ɗora tafina a kai. Tsaga ce tun daga sama har ƙasa, yatsuna suna shigewa ciki. Na ɗaga kai na ga gara ta ci azara.

Ya ce, "Ka ji ta? Bara awa zare take. Maginan da sunka san aikin ga duk sun kau."

Na ce, "Baba, za mu nemo magini, ko daga ina ne."

"To ku hanzarta, Malam. Ban san wa ka riga wani hwaɗuwa ba, ni ko shi."

Shi ya yi dariya. Ni na kasa.

Na samu wani tsohon magini a Kajiji, ya ce zai zo da zarar ya gama sharar gona. Muna cikin jiransa ke nan.

A wayar ɗazu Umaru ya ce mini wani mai shaguna ya daɗe yana neman filin, kuma wasu cikin magada sun fara sauraronsa. Ban ga laifinsu ba, kowa da iyali a wuyansa kuma abinci ya yi tsada. Umaru ba ya so, amma ba shi kaɗai ke da gidan ba.

Sannan an ce jiya an yi ruwan farko a Mandera, can gabas da Bodinga. Duk ɗan ƙasar nan ya san daga gabas hadari ke tasowa, kuma bangon gabas yake fara duka.

Ban san yadda zan buɗe baki a wurin makoki in yi maganar bango ba. Ban kuma san yadda zan yi shiru ba.

A zauren za a zauna karɓar gaisuwa. Abin da na iya roƙon Umaru kawai shi ne a shimfiɗa tabarmi ta ɓangaren yamma.

Allah Ya jiƙan Baba Sahabi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata kabarinsa. Yadda ya saukar da baƙi, Allah Ya yi masa masauki a Aljanna Firdausi. Allah Ya haɗa kan 'ya'yansa a kan abin da ya fi alheri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a. Ku kuma taya mu roƙon Allah Ya riƙe bangon nan har jama'a su watse lafiya, magini ya iso.