Ƙafar Kamfani A Gaba, Ta Baba A Baya

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, gari na ta ƙamshin ruwan da aka kwana ana yi. Mu uku ne: ni, da abokin aikina mai ba da magani a asibitinmu, da maƙwabcina malamin makaranta, wanda shi ya jawo mu cikin wannan hauka ta hawa dutse da keke. Duwatsun Rano muka nufa. A-kori-kurar da za ta ɗauke mu da kekunan tana jiranmu a Darmanawa, don haka daga Gyadi-Gyadi zuwa can a kan sirdi za mu je. Su biyun ko a jikinsu. Ni kuwa gabana faɗuwa yake, domin rabona da keke tun bara.

Ga dalili. Allah ya yi ni da jiki, irin wanda in na shiga adaidaita sahu sai direba ya leƙa ya duba tayarsa. Likitan da muke aiki tare ya ce ciwon sukari na leƙo ni, in nemi abin motsa jiki, shi ne na sayi keken hawan dutse na hannu. Na ji daɗinsa ƙwarai, har ranar da ƙafar baya ta lanƙwashe a ƙarƙashina a tsakiyar titin Gyadi-Gyadi, daidai lokacin tashi daga aiki. Wayoyin suka tsintsinke, na zube a gaban masu shayi. Gwiwa ta warke da wuri, dariyar ce ta ƙi fita daga kunnena. Keken ya koma sito, sukari kuma ya ci gaba da hawa. Maiɗakina ta gaji ta ce ko dai in hau shi ko a ba ƙaninta, na kuma san ba wurin ajiya ne ya dame ta ba, tsoro take ji. Na yi mata alkawarin wannan tafiyar ce za ta raba gardama.

Kafin ranar na sha shawara har ta ishe ni. Mai ba da magani ya dage sai na sayi ƙafafun kamfani irin nasa: a kwali suke zuwa, ba nauyi, wayoyinsu 'yan kaɗan masu faɗi, ka ɗaura ka hau. Na je shago na gani, na shafa, kyansu har ba ka so su taɓa ƙasa. Amma da na tambayi mai shagon ko za su ɗauke ni, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce Allah ne mai tsarewa. Malamin makaranta shi kuma ya kai ni Tarauni wurin wani dattijo mai gyaran keke a gindin darbejiya, wanda yake ɗaura ƙafa da hannu, waya bayan waya. Baba bai ko tambayi sunan keken ba. Cewa ya yi in taka zuwa bakin titi in dawo, yana kallona kamar tela. Ya zaɓi rim, wato da'irar ƙarfen da taya ke hawa, mai kauri, ya ƙara yawan wayoyi, ya ce in tafi kar in dame shi sai ya aiko. Aikin bai yi arhar da na zata ba, ga jira. A ƙarshe na yi zaɓi irin na matsorata: na bar ƙafar kamfanin da keken ya zo da ita a gaba, na sa ta Baba a baya, inda nauyina yake.

Ban yi nisa da ƙofar gida ba na ji wata siririyar ƙara daga bayana, ting, ting. Duk wanda ya yi aikin jinya ya san kunnenmu ba ya barin ƙara ta wuce, in na'ura ta yi kuka to wani abu ya lalace. Kuma irinta na ji bara kafin in faɗi. Nan take na dira. Na kama keken ina turawa, na wuce mai ƙosai tana hura wuta, na wuce masu fitowa daga masallaci, zuciyata na cewa shi ke nan, ƙanin matata ya yi keke. Malamin makaranta ya juyo ya same ni, ya saurari bayanina, sai ya kama dariya. Ya ce sabon ɗauri haka yake, wayoyi ne ke neman wurin zama, kuma Baba ya gaya masa in na ji in ci gaba da tuƙi. Na tambaye shi me ya sa ni ba a gaya mini ba.

"Ya ce in ka sani tun farko, ba za ka hau ba sam."

Na hau. Ƙarar ta riƙa raguwa a hankali, kafin mu isa Darmanawa ta ɗauke gaba ɗaya, sai shuuu ɗin taya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

A bayan a-kori-kura muka zauna tsakanin kekuna. Na'ibawa ta wuce da ƙamshin lemo da abarba. A gadar Tamburawa kogi ya cika ya yi ja, hazo kwance a kansa, wani mai kwale-kwale tsaye a tsakiya kamar an manta da shi. Daga nan sai shinkafar ƙasar Kura, kore iyakar ganinka, balbelu na tashi suna sauka ba gaggawa. Iska ta kama ƙafar kekena ta gaba tana juya ta ita kaɗai, na zuba mata ido har barci ya fara ɗibana. Tsakanin barci da ido biyu na ga kaina ina yaro, siriri, ina kora gargare a lungun gidanmu, ba abin da ke mini nauyi. A Ƙarfi muka tsaya sayen gasasshiyar masara, farashinta ne ya tashe ni sarai.

Duwatsun Rano a damina abin gani ne. Manya-manya, sumul, ruwa ya taru a kwarmin bayansu, gajimare na yawo a ciki. Awaki suna kallonmu da mamakin mutanen da suka baro kwalta suka zo wahala. Wata Bafulatana ta dama mana fura, tawa ba sukari, mai ba da magani na tsaye a kaina kamar ɗan sanda. Gaskiya ƙafafunsa na kamfani sun nuna kansu a hawa, tashi yake kamar ba ya taka feda. Sai dai wani mai faci a bakin hanya ya juya su ya ce in waya ɗaya ta tsinke a nan, sai dai a koma Kano da keken a ka. Wayoyin ƙafata ta baya kuwa yana da irinsu a gwangwani.

Hawan dai rabi na tuƙa, rabi na tura. Saukowa ce abin. Wata doguwar gangara ce a kan falalen dutse, da tsakuwa da ramuka a ƙarshenta. Su biyun suka sulale suka bar ni a sama ni kaɗai, na damƙe birki har yatsuna suka yi sanyi. Wallahi na ji tsoro, tsoro irin na yara. Ba kowa a wurin da zai yi mini dariya, duk da haka ina jin ta. Na yi bisimilla na sassauta hannu. Keken ya tafi. Na faɗa ramin farko da duk nauyin da Allah ya ba ni, na jira in ji ƙarar nan, ban ji komai ba. Na faɗa na biyu. Daga nan ban ƙara sauraro ba. Iska ta cika mini riga, gonakin dawa suka taso suna tarye ni, na ji wani yana ihu, ashe ni ne.

Da la'asar sakaliya muka shigo Tarauni, domin ƙa'idar Baba ce a kawo masa ƙafa bayan hawan farko da taɓonta, kar a wanke. Ya kife keken, ya juya ta, ya kara babban yatsa a gefen rim yana lumshe ido. Ta ɗan karkace kaɗan. Ya ɗauko ɗan makullinsa ya taɓa waya nan, ya taɓa can, har ta miƙe.

"Likita, ba ka tausaya mata ba," in ji shi.

"Ban tausaya ba, Baba."

"Haka ake so."

Abin da na koyo a tafiyar nan ba yawa. Ƙafar kamfani ba ta da laifi, an dai yi ta ne don mutumin da ba su taɓa gani ba, kuma da alama ba mai jikina ba ne. In jikinka irin na abokina ne, saya ka huta. In irin nawa ne, nemi wanda zai dube ka kafin ya ɗaura.

Daga Tarauni a kan keke na koma gida, ana kiran magariba. Maiɗakina ta fito ta dubi taɓon da ke jikina, ta dubi keken, ta tambaya ko ta buɗe sito.

Na ce, "A'a, bar shi a zaure. Gobe aikin safe gare ni."