Ɗan Agogo a Shafin Ƙarshe

Shekara ashirin da uku ina ƙyashin Mai Agogo, kuma duk duniya ba ni da aminin da ya kai shi. Shagonsa bai fi rumfar mai shayi girma ba: tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gwangwanayen ƙananan sukurori, sai benci a bakin ƙofa. A kan bencin nan muke haɗuwa duk Asabar da hantsi, ni da Tela da Direba, kowa ya zube abin da ya tsinto wurin masu sayar da tsofaffin littattafai.

Tun yana saurayi, in Mai Agogo ya gama littafi sai ya zana ɗan agogo da fensir a shafin ƙarshe, yana nuna lokacin da ya gama. Mu ma muka kwaikaya. Tela almakashi yake zanawa, Direba taya, ni kuwa sa hannu nake yi irin na tsohon hedimasta.

Mai Agogo aji huɗu ya yi a firamare mahaifinsa ya cire shi ya kai shi koyon sana'a. Ni shekara talatin na yi ina koyarwa. Amma in muka zube kaya, nawa sai ka ga littafin lissafi mai ɓallallen bango, nasa kuwa irin wanda na gaji da nema. Kuma ba ya fariya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

"Wai a ina kake samo su?" na tambaye shi wata rana.

"Ƙasan kwali, Malam. Kai na sama kake dubawa, don kada rigarka ta yi datti."

Tela ya yi ta dariya har da hawaye. Tun daga ranar burina ɗaya ne, ko sau ɗaya in ga Mai Agogo yana haɗiyar yawu a kan abin da na kawo.

Wata Alhamis mai littattafan bakin tasha ya tsare ni, ya ce kwali biyu sun shigo. Na leƙa. Tarihi ne da labaran tafiye-tafiye, kowanne an ɗinke bayansa tsaf. Ban tsaya buɗawa ba, na kwashe duka.

"Kada ka gaya wa Mai Agogo," na ce masa. Ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya fasa.

Ran Asabar na sa babbar riga, na dire kwalayen a gabansu. "To, Mai Agogo, yau ni ma na duba ƙasan kwali."

Tela ya ɗauki ɗaya, ya juya shafin ƙarshe kamar yadda muka saba. Sai ya miƙa mini. Ɗan agogo ne, ƙarfe huɗu da kwata. Na fizgi wani, na sake fizgar wani. Kowanne da agogonsa.

"Ni na kai su bakin tasha," in ji Mai Agogo. "Na ƙuruciyata ne, tun kafin in san ku. Ido ya tafi, Malam. Wata shida ke nan ba na ganin layi. Ganinsu jere a ɗaki ya fi ƙarfina."

"Waɗanda kake kawo mana kwanan nan fa?" na tambaya.

"Daga ɗaki nake ɗebowa, labarin kuma daga ka nake ba ku."

"Haba, Yaya! Me ya hana ka ba mu su?" in ji Direba.

"Da sai na yi bayani. Kunya nake ji."

Kunyar dai ni ta rufe, na rasa inda zan sa fuskata cikin babbar rigar nan.

Yanzu duk Asabar ni nake karanta masa, yana zaune ido rufe. In mun gama littafi sai ya tambayi lokaci, ya miƙo fensir, in zana masa sabon agogo kusa da tsohon. Tela ya ce nawa ya fi kama da ƙwai.

Za ka ce ƙyashin ya tafi. Ina fa! Jiya ina tsakiyar wani littafi da ya karanta shekara arba'in da suka wuce, sai ya ɗaga hannu.

"Malam, ka tsallake layi."

Na duba da tabarau na. Wallahi na tsallake.