Saran Kakanmu a Jikin Tsamiya

Warin hatsin da ya sha ruwa, in ka taɓa shaƙarsa, ba ka mantawa. Shi na ji makon jiya a kasuwar Onitsha da kogi ya shiga shagon maƙwabcina, sai ga ni a ƙauyenmu ina ɗan shekara tara.

A bakin fadama muke, duk damina ruwa sai ya leƙo mu. Da ya janye, kakanmu zai ɗauki gatari ya sari tsamiyar ƙofar gida daidai inda laka ta tsaya. Sannan dattawa su zauna a gindinta su yanke aiki ɗaya tak na rani: bana a ɗaga rumbuna, ko a yi jingar tare ruwa a bayan gari. Abu guda ne ba ya canzawa, gindin rumbu ya ɗara saran da ya fi kowane tsawo da kamu ɗaya.

Aka yi shekara uku ruwa bai wuce idon sawu ba. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya gaji da jidar duwatsun ɗaga gindin rumbu, ya kafa sabon rumbu da awon saran bara. A ciki ya zuba geron da zai kai mu girbi, kaf.

Kakanmu ya zagaya rumbun ya ce, "Da wane sara ka auna?"

"Baba, ai ruwan ya daina."

"Shi ya faɗa maka?"

A tsakiyar damina ruwa ya zo har ƙugun rumbun. Da aka buɗe, geron ya tsiro a ciki, fari fat, ga wari. Wallahi ban taɓa ganin kunya a fuskar babanmu irin ta ranar ba. Daga rumbun kakanmu muka ci har girbi.

Yanzu wake nake sayarwa, dab da kogi. Bangon shagona duk zanen ƙusa ne na inda ruwa ya tsaya, buhunana kuma suna kan katako, kamu ɗaya sama da zanen da ya fi kowane tsawo. Maƙwabcin nan ya sha tsokanata wai na yi wa buhu gado. Bana bai yi dariya ba.

Jiya ƙanena ya kira daga gida. Ruwan bana ya shafe saran kakanmu duka, dattawa sun zauna sun rasa abin awo.

"Yaya, yanzu ya za a yi?"

Na ce, "Ku ɗauki gatari mana."

Ya ce, "Sai dai da tsani."