Bututun da Ya Tsaya a Bakin Tagata

Wari ne ya tashe ni daga barcin rana a ranar da na dawo Daura hutu. Wari mai nauyi, kamar na ƙwan da ya ruɓe a cikin rufaffiyar tukunya. Ta taga ya shigo, ya kwanta a kan matashina. Na tashi na leƙa. A ɗan lungun da ke tsakanin ɗakina da sabon ginin Baffa, ƙanen mahaifina, wani bututu mai ruwan toka ya taso daga ƙasa, ya bi bango, ya tsaya daidai tagata da baki a buɗe.

Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifina. Ina makaranta a Katsina aka raba gidan. Baffa ya rushe ɗakunan ƙasa na ɓangarensa ya tayar da na bulo, da falo, da banɗaki irin wanda ake danna ruwa ya tafi da komai. Ni da Inna, mahaifiyata, muka ci gaba da zama a namu sashen. Inna fura take yi, kuma duk layinmu an san ta da tsabta. Ba ta ɗora hannu a kan gero sai ta wanke shi har gwiwar hannu, faifan da take rufe ƙwarya kuwa kullum sai ya sha rana.

Da yamma na je gaishe da Baffa. Na durƙusa, na jira ya gama jan carbi, sannan na ce masa bututun nan yana hura mana wari.

"Ke 'yar boko," ya ce, "bututu iska yake sha, ba ya fitar da komai. Gini sabo fil, ina zai samo wari? Ku dai duba magudanarku."

Na yi masa sallama na tashi, don haka aka koya mini. Da abin ya tsaya nan, da na haƙura. Amma bayan kwana biyu, mata uku suna tsaye a tsakar gidanmu da kwanukansu, Baffa ya leƙo daga ƙofa ya toshe hanci da bakin rawaninsa.

"Ikon Allah," ya ce. "Matar dubagari guda, amma sashenta ba ya shiguwa. Yaya dai ya tafi da tsabtarsa."

Mahaifina dubagari ne, shekara da shekaru yana shiga gidajen mutane yana duba rijiya da shadda. Inna ba ta ɗago kai ba. Ta ci gaba da cura fura, sai dai na ga dunƙulen ya murƙushe a tafinta. Daga ranar ta shiga wanke magudana sau uku a yini. Ta zuba toka, ta zuba ruwan zafi, ta kunna turaren wuta har idanunmu suka yi ja. Kwanuka suka fara raguwa. Wata maƙwabciya da ta shekara goma tana shan furar Inna ta aiko cewa likita ya hana ta nono. Mun ga kwanonta yana shiga wani gida a ƙarshen layi.

Ni ba mai faɗa ba ce. A lokacin abin da nake rubutawa a littafina bai wuce tattabaru da ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko ba. Amma a makonnin nan na zauna a bakin taga ina kallon bakin bututun, ina saƙa wa Baffa abubuwa a zuciyata waɗanda har yau ba zan iya rubuta su ba. So nake ya shaƙi abin da muke shaƙa. So nake ya shaƙe shi a gaban mutanen da yake jin kunya, ya rasa wanda zai ɗora wa.

A cikin akwatin mahaifina na sami tsohon littafinsa na aiki, mai zane-zanen yadda ake shimfiɗa bututun banɗaki bisa ƙa'ida. Ya yi rubutu da jan biro a gefen shafuka. Na karanta shi kamar mai shirin jarrabawa. Bututun da ke kai ƙazanta rami dole ya ɗan gangara, kada ya kwanta sak. Ƙarƙashin kowane mazaunin banɗaki akwai lanƙwasa kamar gwiwa, inda ɗan ruwa yake zama ya tare wari kada ya dawo cikin ɗaki. Sai kuma bututun iska, wanda mahaifina ya rubuta wa "hancin gida" a gefe. Shi dole ya wuce rufi, ya yi nesa da kowace taga, don iskar rami ta fita can sama. A ƙasan shafin ya ƙara layi ɗaya: in hancin ya toshe, ruwan da ke gwiwa zai zuƙe, wari ya koma wa masu gida.

Na karanta layin nan ya fi sau goma, ina murmushi.

Ranar Juma'a, maza sun tafi masallaci, Inna ta kishingiɗa, na ɗauki tsumma na naɗe a leda. Na zura hannu ta tsakanin ƙarafan taga, na cusa shi a bakin bututun, na tura da karan dawa har ya nutse. Na wanke hannu da sabulu sau biyu, na yi alwala na yi sallah. Ban nemi gafarar wannan ba.

A daren farko muka yi barci da taga a buɗe. A kwana na biyu na fara jin sautin ta bango: duk wanda ya danna ruwa a gidan Baffa, sai bututun ya yi ƙul-ƙul-ƙul kamar tulun da ake juyewa. Zafin bazara ya yi sauran aikin. Na san ranar Lahadi surukan Baffa za su zo daga Zango ganin sabon gini, don tun mako guda yake ta faɗa a zaure. Saboda su na zaɓi Juma'ar.

Sun iso da hantsi, mota biyu. Na dama fura a babbar ƙwarya, na sa mayafina mai kyau, na kai musu. Tun daga ƙofar falo warin ya tare ni, ya cakuɗe da turaren feshi da aka zazzaga wa labule. Baƙi suna zaune a kan sababbin kujeru, kowa yana numfashi ta baki. Wata tsohuwa, yayar surukarsa, ta sauke mayafi daga hancinta.

"Alhaji, gini dai ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Amma me ya mutu a ciki?"

"Ɓera ne, Hajiya, ina jin ɓera ne a silin."

"Wannan ɓera ya ci ya ƙoshi kafin ya mutu."

Na ajiye ƙwaryar a gabanta, na juya wajen Baffa, na durƙusa sosai, na yi ƙasa da murya.

"Baffa, ko in kawo muku turaren wuta daga sashenmu? Inna tana da shi da yawa. Mu yanzu ba ma bukata."

Ya dube ni. Kunnuwansa suka motsa a ƙarƙashin hula. Baƙin suka ƙarasa ziyararsu a tsakar gidan Inna, a kan tabarma, suka shanye furar har suka nemi ƙari. Ban taɓa jin daɗin wanke ludayi kamar na ranar ba.

Washegari aka kira mai aikin famfo. Ba wanda ya yi aikin farko ba ne, shi an ce ya tsallaka ta Kongolam ya sami aiki a Nijar. Wannan dattijo ne. Ya zaro tsumman da waya, ya dubi tagata, ya dubi Baffa.

"Alhaji, wanda ya toshe shi daban, amma ba shi ne matsalarka ba. Ina aka taɓa tsayar da bututun iska a hancin mutane? Sai ya wuce kwanon rufi."

Ya jingina tsani, ya ɗaga murya yadda ake yi, a shiga ɗaki za a hau sama. Muka shiga. Kafin la'asar bututun ya wuce rufin Baffa da kamu biyu, da 'yar hula a kansa.

Baffa bai ba Inna haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Na bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya da sunan gaisuwa, a kowane gida sai na ja matar gidan zuwa ƙofa na nuna mata bututun daga nesa, na faɗa mata daga ina warin yake. Kwanuka suka dawo, ban da na maƙwabciyar nan. Inna ta ce mini sau ɗaya, tana tankaɗe, "Ke dai ba ki da mantuwa." Ba ta ƙara ba.

Bayan shekara shida, ina koyarwa a Sandamu, muka kira mai aikin famfo ya shimfiɗa mana bututu a gidan da muka gina ni da mijina. Na tsaya a kansa ina ta maganar gangara da gwiwa har ya gaji ya tambaye ni 'yar gidan wa ce. Da na faɗa masa sai ya ajiye zarto. Shi ne ya yi wa Baffa aikin farko. Ya ce bututun da aka saya dogo ne, har ya jingina tsani. Inna ce ta aiko a ce tana cikin takaba, kada namiji ya hau inda zai hango tsakar gidanta sai ta fita. A gaban Baffa aka kawo saƙon, kuma Baffa ne da kansa ya ce a yanke shi nan daidai tagata tukuna.