Lauratu Mai Hoton Cikin Gida

A Gaya idan aka ce Lauratu Mai Hoto, ba a tambayar wace ce. Mahaifinta, Malam Ɗantani, ya shekara talatin yana ɗaukar hoton fasfo a bakin kasuwa, tun zamanin fim. Cikin 'ya'yansa maza babu wanda ya waiwayi sana'ar. Babban ya rungumi noma, ƙaramin yana jan adaidaita. Lauratu ce ta gaji idonsa.

Bayan aurenta da Badaru, mai gyaran injin ban-ruwa, sai ta lura da wani abu. Mazan da ke ɗaukar hoto a gidan biki iyakarsu zaure. Can ciki, inda ake lalle da kamu da guɗa, babu mai ɗauka sai wayoyin ƙawaye. Ta nemi izinin Badaru, ya ce Allah ya sa albarka. Da wata 'yar ƙaramar kyamara mai shiga jaka ta fara, ta yi shekara shida tana zaga gidajen biki da suna.

Sai dai kyamarar ba ta son duhu, ɗakunan ƙauye kuwa tagarsu ɗaya ce, ita ma 'yar mitsitsiya. Dole ta kunna fitilar kyamara, fuska ta fito fari fat, ido ja. Wata rana a ƙauyen Balan, uwar amarya ta juya hotunan a hannunta, ta ce, "Lauratu, wannan kuwa 'yata ce? Kamar an tsorata ta."

Maganar ta tsaya mata a rai. Ta yi kiwon raguna biyu, ta sayar gab da Babbar Sallah, suka shiga motar Kano ita da Badaru.

Mai shagon kyamarori, Hadi, yana ganinsu ya fuskanci Badaru ya fara bayani. Badaru ya yi murmushi. "Malam, ni rakiya na yi. Ga mai sana'ar nan."

Hadi ya ɗan ji kunya, ya miƙa mata babbar kyamarar dijital, baƙa, irin wadda ake cire gilashin gabanta a sauya wani. Ya ce tana zuwa da gilashinta na yau da kullum, amma duk mai sana'a yana ƙara na biyu. Ya ciro wani dogo kamar guntun taɓarya.

"Hajiya, wannan za ki ɗauka. Yana jawo nesa kusa. Ko ba ki ce komai ba, aka gan ki da shi an san ƙwararriya ta zo."

Lauratu ta leƙa ta ciki, ta hango mai rake a tsallaken titi kamar ta taɓa shi. Ya burge ta, ba ƙarya. Amma ta sauke ta ce, "Ni ba a fili nake aiki ba. Kana da ɗaki mai duhu?"

Ya buɗe musu sito, ya bar ƙofar a ɗan buɗe. Ta tsayar da Badaru tsakanin kwalaye, ta gwada gilasai uku ba tare da fitila ba. Dogon ya ba ta hoto dishi-dishi. Na biyu ma haka. Na ukun ɗan guntu ne mai lamba hamsin, bai kai kofin shayi ba, amma yana buɗewa sosai ya sha haske. Fuskar Badaru ta fito tas, har zufar goshinsa, kwalayen bayansa kuwa suka narke.

"Wannan," in ji ta.

"To, ki sani ba ya matsowa ba ya ja baya," in ji Hadi. "Ƙafarki ce za ta yi wannan aikin."

Aikinta na farko da shi wani suna ne a Toranke. Mata goma sha biyu suka cika ɗakin mai jego, kowa na son shiga hoto. Lauratu ta leƙa, fuska uku kawai ta gani. Ta ja baya, ta ga huɗu. Ta ƙara ja, sai ji aka yi kwaram, ta ture kwanukan jere, murafai na birgima har ƙarƙashin gado. Ɗakin ya kaure da dariya. Ta durƙusa tana tsincewa, kunya kamar ta nutse, tana tunanin ko ta yi zaɓen tumun dare. Ta mayar da gilashin yau da kullum, ta fitar da matan tsakar gida ta ɗauke su a inuwar darbejiya.

Tana shirin tafiya ta hangi kakar jaririn, Iya Kubura, zaune a ɗakinta dab da ƙofa, an ɗora mata jikan a cinya. Lauratu ta yi sallama ta tsuguna.

"Iya, ke ba a ɗauke ki ba."

"Rufa min asiri, 'yar nan. Wannan walƙiyar taku idona ba ya ɗauka. Tun da aka yi min na katin zaɓe na tuba."

"Wannan babu walƙiya, Iya. Ki ci gaba da kallon maigidanki kawai."

Tsohuwa ta yi dariya, ta sunkuya tana tsokanar jaririn cewa ya zo hannu rabbana babu ko goro. Lauratu ta sa ɗan guntun gilashin, ta matsa taki ɗaya, ta danna. Hasken ƙofa ne kaɗai a kan su. Da ta juya mata bayan kyamarar, Iya Kubura ta kawo shi kusa da ido ta daɗe tana kallo. Tsagen kumatunta ya fito ɗaya bayan ɗaya, ga lalle a yatsun da ke tallafe da kan jariri.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ashe na koma Inna sak. Ita ba a taɓa yi mata hoto ba."

Lauratu ta wanke shi babba, ta aika mata da shi. Ta kuma koyi darasinta: taro na gilashin yau da kullum ne, mutum ɗaya na ɗan guntun.

Bayan mako biyu, ranar kasuwa da hantsi, adaidaita ta tsaya a ƙofar gidan Badaru. Tsofaffin mata biyar suka sauko da ƙyar, kowace ta sha zanen Sallarta. Ta gaba ta ce daga Toranke suke, Kubura ce ta turo su, kuma irin nata suke so, marar walƙiya. Lauratu ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, ta jawo kujera 'yar tsugunno bakin ƙofar ɗakinta inda haske ke shigowa. Sannan ta tambaye su wace ce babba, don da ita za a fara. Nan gardama ta tashi.