Jar Masarar Bana Chisha

Dattijon nan Ba Kapembwa (a wurinmu "Ba" kalmar girmamawa ce, kamar Malam) ya fara yankan ciyawa a hukumar garinmu tun kafin a ɗauke ni akawu. Ni ke raba wa leburori tituna kowace safiya, kuma kullum shi ne na farko a bakin taga, adda a hammata.

"Ba Sikazwe, yau ma titin masu karnuka ka ba ni? Kai ka taɓa ganin ciyawa kuwa, in ba a takarda ba?"

A gefen titin gidansa, tsakanin shinge da kwata, matarsa da ake kira Bana Chisha, wato uwar Chisha, ke shuka masara duk damina. Ja ce, irin ƙauyensu, da ita ta zo birni tana amarya. Doka ta hana, amma rabin unguwa na yi, mu ma muna kau da kai. In yanka ya kawo shi wurin, sai ya zagaye.

"Uwargida, gonarki ta cinye min aiki."

"To ai sai ka gode min, malalaci."

Bara ƙwari suka cinye irin da ta rataye a kicin. 'Yan ƙwayoyin da suka tsira ta shuka da ruwan farko. Kafin shukar ta kai gwiwa aka binne Bana Chisha.

Shi ya ci gaba da nome wurin. Masara ta yi goyo, ta fitar da gemu. "Saura kaɗan ta ƙosa in cire iri," ya ce min.

Sai ɓarayi suka laɓe cikin masarar wata unguwa suka tare wata mata. Umarni ya zo: a sare duk masarar gefen titi kafin mako ya ƙare. Na roƙi shugabanmu ya ɗaga ƙafa, ya ce in an bar ta mutum ɗaya, me za a gaya wa saura? Iyakar abin da na iya, na mayar da titin gidansa na ƙarshe a jerin aikin.

Ranar Juma'a bai yi min tsiya ba.

"Wa ka ba titina?"

"Abokin aikinka Lombe, baba."

"Lombe ba ya duba abin da yake sara. Ba ni titin."

Maƙwabta sun ce kara ɗaya-ɗaya ya riƙa yankewa daga tushe, yana kwantarwa a hankali.

Ranar Litinin ya ajiye min dafaffiyar masara a taga, ƙwayoyinta ƙanana, ko ja ba su gama yi ba.

"Ci. Ba za ta yi iri ba."

"Ko ɗaya ba ta ƙosa ba?"

"Duk na ɓare su, Ba Sikazwe. Ruwa ne."

Bana ciyawa ce ta fito a wurin, ta kai ƙugu. Maƙwabta sun fara ƙorafin sauro. Shi ke yanka titin har yanzu, kuma in ya iso tsakanin shinge da kwata, zagayewa yake yi.